Neman Muryar Auta a Damagaram

Abin da ya kai ni Damagaram bidiyo talatin da bakwai ne, kowanne gajere, bai kai a shanye kofin shayi ba. A cikin kowanne akwai rago ɗaya, da hannun ƙanena Sabi'u riƙe da ƙahonsa, da muryarsa yana yabon ragon ga masu saye. Ragunan duk an yi layya da su tuni. Sabi'u kuma Allah ya karɓi abinsa bara, bayan gajeriyar rashin lafiya. Muryar ce kaɗai ta rage, kuma tsohuwarmu ba ta da wata.

Tun da na dawo ake tare ni a masallaci da kara ana tambaya, Alhaji Haruna me ka sayo, don an san ba na ƙetare Kongolam in dawo hannu rabbana. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni dillalin dabbobi ne, da jan igiyar wasu na fara har na samu turakuna. Sabi'u kan yi rabin shekara a Damagaram yana tara balami da uda, ni ina Daura ina sayarwa. Shi ya kawo dabarar shafin intanet, don masu saye daga Kudu su ga rago kafin su yi magana. Shafin yana zaune ne a kwamfutar wani abokinsa Lawali, mai shagon intanet a can, wadda ke aiki da hasken rana ba a kashe ta. Bayan rasuwar, 'yata Hadiza, wadda ta yi karatun kwamfuta, ta ci gaba da kula da shafin daga gidan mijinta a Daura.

Idon Inna ya yi rauni, amma kunnenta ras yake. Kullum da safe in ta sha koko sai ta ce da Zainabu, matar marigayin, “A sa mini Auta.” Zainabu ta buɗe shafin a wayarta. Inna ba ta ganin ragunan, amma ta san su duka da murya. Wanda ta fi so shi ne na wani mai baƙin kunne da ya tunkuyi Sabi'u yana tsakiyar yabonsa.

Na dawo daga wata tafiya ta kasuwar Babban Mutum na tarar Inna ta rame, tana mayar da kwanon tuwo kusan yadda aka kai shi. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta kawo mini kuka. Zainabu ce ta ce mini bidiyoyin sun daɗe da daina buɗewa, ta ɗauka laifin wayarta ne.

Na kira Hadiza. Ta zo da kwamfutarta ta zauna a tsakar gida, ta daɗe tana dubawa, na ga fuskarta ta canza.

“Baba, ka san turke?”

“Yau ke za ki koya mini turke?”

“To a kwamfuta akwai turken da babu dabba a jikinsa. Alama ce kawai da ke cewa abin da kake nema yana wuri kaza, je ka can. Mu muna ce masa simlink. Daga waje ba ka bambanta shi da na gaske. Foldar bidiyon Baffa irin wannan ce, nuni ne kawai.”

Wannan ban sha wahalar ganewa ba, don halin Sabi'u ke nan. Bai taɓa ɗaure ragunansa wuri ɗaya ba. In ka zo turkensa sai ya ce biyo ni, ya kai ka gidan wani abokinsa.

“To me ya hana a bi nunin yanzu?”

Ta ce kwanakin baya ta ga wasu suna gwada haura katangar shafin, suna karkata sunan fayil don su fita daga foldarmu su shiga inda ba nasu ba. Sai ta sa wa shafin doka. A da suna kawai yake dubawa, in ya ga sunan ya fara da na gidanmu sai ya buɗe. Yanzu kafin ya buɗe komai sai ya bi hanyar har ƙarshe ya ga ainihin inda fayil yake zaune. In cikin gida ne ya buɗe, in waje ne ya ƙi.

“Ai doka ce mai kyau,” na ce.

“Mai kyau ce. Amma na Baffa a waje suke, ban kuwa sani ba.”

“Cire dokar mana.”

“Na cire yanzu na gwada. An bi nunin har can, babu komai a wurin.”

“Kwafin da kike ajiyewa fa?”

Ta sunkuyar da kai. “Turakun na kwafo, Baba. Ban kwafo ragunan ba.”

Muka kira lambar Lawali, ba ta shiga. Muka sake kira washegari, haka. Na ce ta nemi izinin mijinta, da safe mu kama hanya. Kasuwar Mai'adua na tafe, Sallah ta matso, akwai mai saye da ke jirana, na bar shi.

Daga tashar Daura zuwa Kongolam babu labari, hanya ce da na sani kamar tsakar gidana. A iyaka muka sauka muka hau babur zuwa Ɗan Barto, su can kabu-kabu suke ce masa. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ga jakar Hadiza ya ce a buɗe. Sai da ya gaishe mu ya tambayi gida da gajiya tukuna, wannan kam sun fi mu. Ya ɗaga kwamfutar.

“Ta sayarwa ce, Alhaji?”

“Ta aiki ce.”

“Me za ku ɗauko da ita?”

Na yi tunanin abin da zan ce, ban samu wanda ya fi gaskiya sauƙi ba. “Muryar ƙanena.”

Ya dube ni, ya dubi Hadiza. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya rufe jakar da kansa ya miƙa mata da hannu biyu. “Murya ba ta biyan duwan. Allah ya jiƙan shi. In kun dawo ku faɗa mini.”

Motar Damagaram mai bi ta Matamai ta cika ta batse. Na sayi irin dogon burodinsu mai kama da sanda, na rasa inda zan sa shi, na jingina shi a bayana. Da direba ya faɗa wani rami sai na zauna a kansa. Wata tsohuwa da ke kusa da Hadiza ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce mutanen Najeriya komai sai sun danne shi kafin su yarda da shi. Ta kwance bakin zanenta ta ba mu cuku, busasshen nono mai tauri da suke ci da shayi. Hadiza ta gwada gutsura ta ce haƙoranta na aure ne, ba za ta bar su a hanya ba. Kusa da Kance taya ta fashe. Babu wanda ya yi tsaki. Kowa ya sauka ya nemi inuwa, wani ya fito da butar shayi kamar dama jira yake. Da a Zangon Daura ne, da direban ya ji sunayen kakanninsa.

Da tsakar rana muka shiga Damagaram, muka nemi shagon Lawali muka same shi a kulle. Mai shayin da ke gefen ya ce mu kwantar da hankali, garin nan in rana ta take kowa gida yake tafiya, sai la'asar. Ya ba mu benci. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi ake sha, na farko ɗaci kamar magani. Na shanye na ce na gode. Ya ce ina, ba a tashi a na farko, akwai na biyu da na uku, wanda ya tashi bai sha na uku ba ya tafi da ɗacin kaɗai. Ni da ban saba zama babu ciniki ba, haka na zauna.

Da la'asar Lawali ya zo, dogo siriri mai tabarau. Yana ganina ya tsaya cak, don mun yi kama da Sabi'u ƙwarai. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Wayarsa ce ta ɓace, ya sake layi, lambobinmu suka tafi da ita.

Shi da Hadiza suka zauna gaban na'urar. Ita ta ce kwamfuta, shi ya ce ordinatar. Ta ce folda, ya ce dosiye. Da suka ga Turancin kowa daban, sai suka koma Hausa da nuni da yatsa, aiki ya tafi. Ta nuna masa nunin. Ya dafe kai.

“Ni na yi shi, Madam. Cikin ordinatar ɗin ya cika, Sabi'u ya sayo nasa ɗan faifan ajiya na maƙala masa a baya. Bidiyo na kan faifan, shafi na ciki, sai na sa nuni tsakani.”

“Ina faifan?” na ce.

Ya cire tabarau ya goge. “Alhaji, faifan nan yana da wata 'yar fitila. In ana karanta shi sai ta riƙa ƙiftawa. Bayan rasuwa, kullum da safe ina share shago sai in ga tana ƙiftawa, na san wani ne ke kallo daga Najeriya. Sai in ce, Sabi'u ya fito kasuwa. Ran nan ta daina. Na jira, na jira, shiru. Na ce to iyalinsa sun kwashe abinsu sun gama. Kayan mamaci ne, bai kamata ya zauna wurina ba. Na cire na kai wa mai masaukinsa.”

Hadiza ta juya fuska ga bango. Dokarta ce ta kashe fitilar. Na ce mata ta bari, ita ta kulle ƙofa don ɓarayi, shi ya mayar da amana don tsoron Allah, ban ga wanda zan kama a cikinsu ba.

Mai masaukin, Alhaji Mamman, tsoho ne da fatake suka daɗe suna sauka gidansa a unguwar Zango ta can. Ya sa aka kai Hadiza cikin gida wurin iyalinsa, ni aka shimfiɗa mini a zaure, a kusurwar da ya ce nan Sabi'u ke kwana. Aka kawo dambu da zogale, mai ya ji, yaji kuwa kaɗan, ba kamar namu ba. Sai da na ci na ƙoshi ya bar ni na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce akwatin ƙarfen Sabi'u na nan, faifan na ciki. Ya taɓa aiko saƙo ta bakin wani direba, ashe bai iso ba. Na ce alhamdu lillahi, a fito da shi.

“A'a,” ya ce.

“Alhaji, wansa ne ni, uwa ɗaya uba ɗaya.”

“Ai fuskarka ta faɗa tun daga ƙofa. Amma ya bar uwa, ya bar mata, ya bar ɗa namiji. Kai ba ka da gado a nan. Kayan masu shi ne.”

Gaskiya ya faɗa. Gaban alƙali aka raba gadon a Daura, ni wakili ne kawai, akwatin nan kuma babu wanda ya san da shi. Duk da haka na gwada irin ta dillalai. Na ce ba ɗauka za mu yi ba, kwafa kawai. Ya ce buɗewa ma taɓawa ce. Na ce tsohuwa ba ta cin abinci. Na ga abin ya shige shi, amma ya ce shi ya sa ma za a yi shi daidai. Na yi shekara da shekaru ina sa mutane su sauko daga maganarsu, wannan tsoho ko gezau.

Bayan sallar asuba ya riƙe liman da wani maƙwabcinsa su zama shaida, ya ce in kira gida. Zainabu ta ɗauka, ta ce ta yarda, da bakinta da na ɗanta. Aka miƙa wa Inna.

“Wa ke magana?” in ji Alhaji Mamman, yana ɗaga murya kamar Daura zai jiyar ba da waya ba.

“Uwar Auta ce.”

“Hajiya, ki yi haƙuri, ban san muryarki ba. Da me zan gane ki?”

Inna ta ce, “Yana da wani jan bargo mai ƙuna a gefe ɗaya. Ni na ƙona shi da garwashi, na ce ya bari in sake masa wani, ya ƙi.”

Tsohon ya sauke wayar daga kunnensa ya dubi liman. “Kullum da shi yake kwana a zauren nan, ko ana zafi. Na sha yi masa tsiya.” Ya mayar da wayar, muryarsa ta sauka. “Hajiya, me kika ce a yi da akwatin?”

“Ku ba wannan da ya zo. Ya kawo mini yarona.”

Ya miƙo mini makulli ya ce, “A matsayin ɗan aike, ba magaji ba.” Na ce na karɓa a haka. Bargon ne a sama, faifan na naɗe a cikinsa.

Har shagon Lawali tsohon ya biyo mu da sandarsa. Aka maƙala faifan, 'yar fitilar ta ƙifta. Wannan karon Hadiza ta umarci kwamfutar ta bi kowane nuni har ƙarshe ta ɗauko ainihin abin, kuma ba ta yarda da suna ba, kowane fayil sai ta duba nauyinsa ta buɗe shi. Na farko ya buɗe, sai ga Sabi'u da wani farin balami yana cewa jama'a ku matso. Alhaji Mamman ya ce, “Kai, ɗan banza, ragon nan ai a gidana ya ci dusa,” sannan ya ja rawaninsa ya rufe ido.

Talatin da shida suka buɗe. Na ƙarshe, na mai baƙin kunne, sunansa na nan a jeri amma ba shi da nauyi. Nuni ne shi ma, nuni a bayan nuni. Lawali ya tuna. Shi ne bidiyon ƙarshe da Sabi'u ya aiko masa, ranar shago ya cika da mutane, sai ya bar shi a inda saƙonni ke sauka a cikin kwamfutar ya sa nuni daga faifan, da niyyar ya mayar da shi daga baya. Bayan ya kai faifan gidan Alhaji Mamman, ya share wannan wurin, don ya ga tarkace ne da babu mai shi.

Suka yi ta nema har azahar, ko rufe shago bai yi ba ranar. An riga an rubuta wasu abubuwa a kan wurin. Lawali ya ce da ya san akwai mai nuna shi da bai taɓa shi ba.

“Babu yadda za ka sani,” in ji Hadiza. “Nuni ya san inda fayil yake. Fayil bai san wanda ke nuna shi ba.”

Kafin mu tashi ta shigar da bidiyoyin cikin gidan shafin sosai, ta mayar da dokarta yadda take, ta ƙara wata, cewa duk nunin da aka bi aka tarar babu komai a ƙarshensa, shafin ya sanar da ita maimakon ya yi shiru. Ta tambaye ni ko ta goge sunan mai baƙin kunne daga jeri. Na ce ta bar shi sai mun je gida.

A Ɗan Barto ma'aikacin nan ya gane mu. Na ce an samu, saura ɗaya. Ya ce Allah ya sa albarka a abin da aka samu.

Inna ta karɓi bargon ta sa fuskarta a ciki ta daɗe. Da safe ta sha kokonta duka, ta ce a sa mata Auta. Ta saurari uku, sannan ta ce, “A sa mai baƙin kunne.”

Zainabu ta dube ni. Ban iya zagaye-zagaye ba, ko a kara ba na yi. Na durƙusa na ce, “Inna, wannan ɗin ya ɓata. Mun nema iyakar nema.”

Na ɗauka Inna ba ta ji ba. Sai ta gyara zama, ta miƙa hannu gefe kamar mai riƙe ƙaho, ta ɗaga murya.

“Jama'a ku dubi wannan. Balami ne ɗan asali, ƙirji kamar ƙofar zaure. Ku dubi kunnen nan, shi kaɗai Allah ya shafa wa baƙi don kada a yi musanya. Ga hankali, ga ladabi, ko yaro zai ja shi... Wash!” Ta dafe ƙugu. “Kai! Ko Inna ba ta taɓa yi mini irin wannan dukan ba!”

Sai ta yi dariya. Sai a ranar na lura dariyar Sabi'u tata ce, a wurinta ya ɗauko.

Hadiza ta ce, “Inna, ki sake yi in ɗauka.” Ta ce wa zai saurari tsohuwa tana tallan rago. Zainabu ta ce ɗanta zai saurara in ya girma. Ta sake yi, ba ta canza ko kalma ɗaya ba. Hadiza ta ajiye shi a ƙarƙashin tsohon sunan, cikin gida, fayil na gaske mai nauyinsa.

Ga lissafin ga masu tambaya. Na rasa kasuwar Mai'adua guda, mai sayen da ke jirana ya koma wurin wani dillali, kuma na zauna a kan burodi gaban mata. Na tafi neman talatin da bakwai na dawo da talatin da shida, ɗayan ba zai dawo ba. Jerin kuwa ya cika, don Inna ta cike shi da bakinta. Yanzu tana cinye tuwonta, kuma in aka zo kan mai baƙin kunne takan ce a ƙara murya, ta ji ko ta yi shi daidai.